Praga ko Tumatirin Mamma

"Saverio! Bar fankar nan ka zo ka ga gada, don Allah!"

Doriana ce take ƙwala kira daga tsakiyar falo. Ta baje a kan tayil saboda zafin ƙarshen Agusta, waya a hannu, 'yar ƙaramar jaka a buɗe a gefenta. Mijinta ya fito daga ɗaki yana share gumi da gefen singileti.

"Gadar da kika nuna min jiya ce, ko wata sabuwa suka gina?"

"Kai dai ba ka da kirki. Zauna ka ji tsarin. Asabar da safe jirgi ya sauke mu a birnin Praga, mu jefa jaka a otal, mu zarce dandalin tsohon agogo, mu tsaya har 'yan mutum-mutumin nan su leƙo. Daga nan sai gada, mu yi hotuna. Lahadi mu hau tudu mu ga tsohuwar fada, da yamma mu shiga jirgin ruwa. Litinin da sassafe muna gida, kowa ya kama aikinsa kamar ba a yi ba."

"To yaushe za a ci abinci?"

"Kai ciki kawai ka sani!"

"Dori, wannan ba hutu ba ne, atisayen soja ne." Ya leƙa cikin jakar. "Ina nawa kayan kuma? Takalmanki kaɗai na gani."

"Jirgin sama na araha ne, jaka ɗaya suka yarda da ita. Naka kayan a jikinka za ka sa su — riga uku, ɗaya kan ɗaya."

"A wannan zafin? Gawata za ki kai Praga kenan."

Ta kai masa duka da filo, ya kauce yana dariya. Kada ka ga laifinta don ta zaƙe. Shekara uku da aurensu, ba su taɓa kwana a wajen garin Bitonto su biyu kaɗai ba. Ko hanimun ba su yi ba, domin ana gama biki mahaifin Saverio ya faɗi ya rasu. Tun daga nan kowace Lahadi ta Allah suna teburin mahaifiyarsa, Mamma Filomena, daga azahar har rana ta yi sanyi. Doriana ba ta ƙi surukarta ba. Abin da take so ɗaya ne: kwana biyu rak da mijinta zai zama nata ita kaɗai.

"Ka dai gaya wa Mamma ko?"

Saverio ya sosa ƙeya. "Na gaya mata… sama-sama."

"Sama-sama kamar yaya?"

"Na ce akwai wata Lahadi da ƙila ba za ta gan mu ba. Ta ce me ta yi mana."

Washegari Lahadi, tun daga bakin ƙofa Doriana ta jiyo dariyar da ta fi tsana a duniya tana fitowa daga kicin. Loredana ce, 'yar maƙwabta, wadda Saverio ya taɓa sa wa zoben alkawari kafin ta fasa ta tafi Milano neman aiki. Ta dawo ba aure, ta ci gaba da shiga gidan kamar ba abin da ya faru, Mamma kuma har yau "'yata" take ce mata. Abin da ke ci wa Doriana tuwo a ƙwarya shi ne, Loredana ta san inda gishiri yake a kicin ɗin nan, ta san wace tukunya ce ta miya. Ita kuwa matar ɗa, duk sanda ta leƙa sai Mamma ta ce, "Je ki zauna, ki huta." Baƙuwa kenan, har abada.

An zuba taliya, an fara ci, sai Mamma ta ajiye cokali.

"Manomi ya bugo jiya. Tumatir ya nuna. Asabar za a kawo."



Mu nan ranar tumatir ba ranar wasa ba ce. Sau ɗaya ake yin ta a shekara, a markaɗa miyar da gida zai ci har wani baɗi. Mata su wanke, su tafasa, su markaɗa, su ɗura a kwalabe da ganyen ɗaɗɗoya ɗaya-ɗaya. Namiji kuma ya riƙe wuta da ƙaton duron da ake dafa kwalaben a ciki. Tun rasuwar tsoho, Saverio ne kaɗai namijin gidan.

Akwai kuma tambaya. Da sassafe Mamma takan tsaya a bakin ƙofa ta tambayi kowace mace, a gaban kowa, ko baƙon wata ya zo mata. Wadda ya zo wa ba ta taɓa tumatir, wai miyar za ta yi tsami, kwalabe su fashe. Sai a zaunar da ita a wata tsohuwar kujerar katako a gindin ɓaure, ta wuni tana kallo. Bara Doriana ce ta wuni a kujerar nan. Duk dangi suka gane cewa har yanzu shiru ne, ba ciki, Loredana kuma ta karɓi aikinta na sa ɗaɗɗoya, kafaɗa da kafaɗa da Saverio.

"Mamma," in ji Doriana, "ai Asabar ce tafiyarmu. Mun yanki tikiti, kuma irin wanda ba a canzawa ne."

"Wace tafiya? Au, yawon nan?" Mamma ta taɓe baki. "Ni na ce wa tumatir ya nuna? Praga ruɓewa take yi? Shi tumatir kwana biyu ya ishe shi."

Tiziana, ƙanwar Saverio, uwar tsugudidi, ta tuntsire da dariya har tana ƙwarewa. "Sai ki ɗauki selfi da duro, Dori, shi ma tsohon tarihi ne!"

Saverio ya sunkuyar da kai cikin faranti, kamar a can aka rubuta masa mafita. Loredana ce ta yi magana, a hankali, wai ita mai gyara zance.

"Ayya, abin tausayi. Saverio kuwa ya daɗe yana son ganin Praga. Tun muna…" Sai ta kama bakinta.

Tun muna me? Doriana ba ta ƙara sanin ɗanɗanon abin da ke bakinta ba. Ta daure har aka sha kofi, suna shiga mota ta fashe.

"Ashe garin da kuka shirya zuwa da ita ne! Ragowarta za ka kai ni in gani!"

"Haba, Dori! Ke fa kika zaɓi garin!"

Gaskiya ne, ita ta zaɓa. Amma kishi ina ruwansa da gaskiya?

"Kuma kana zaune uwarka ta taka ni, ƙanwarka ta yi min dariya, ko tari ba ka yi ba!"

"Mamma ba ta da wani namiji sai ni. Me kike so in ce mata a gaban mutane?" Ya yi ajiyar zuciya, ya dafa hannunta. "Bar min wannan. Ki ci gaba da shirya jakarki, zan san yadda zan yi."

Ta fizge hannun. Ta daɗe tana jin "zan san yadda zan yi", kuma kullum a teburin Mamma maganar take ƙarewa.

Ranar Talata ya fita tun gari bai gama wayewa ba, ya ce injin matsar man zaitun ne ya lalace a wajen aikinsu. Da yamma ya dawo ya zarce banɗaki, ya kwanta ko abinci bai nema ba. Doriana ta ɗauki rigarsa ta shinshina. Ba warin man inji, sai ƙaurin hayaƙi.

Laraba da safe baƙon wata ya zo mata. Ta zauna a bakin gado ta yi kukanta ita kaɗai, don shi ya riga ya fice. Wani watan ya sake wucewa a banza. Ta wanke fuska ta tafi kemis ɗin da take aiki, ido a kumbure. Ba ta daɗe da zama ba sai ga Tiziana, wai ta zo sayen maganin ciwon kai.

"Dori, ashe Yaya hutu ya ɗauka?"

"Wane irin hutu? Yana wajen aiki."

"Au! To ƙila idona ne. Na dai ga Loredana ta shiga motarsa jiya da sassafe, yau ma haka, sun yi hanyar gidan gonarsu." Ta ɗauki maganinta tana murmushi ƙasa-ƙasa. "Ni fa ban ce komai ba."

Ai kuwa ta ce komai. Doriana ta kira wayarsa, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake kira, shiru. Ta figi makullin mota ta fice. Ba ta ma tuna ta yi wa mai kemis sallama ba.

Gidan gonar su Loredana yana bayan gari, cikin itatuwan zaitun. Ga motar Saverio nan an ajiye ta a inuwa. Doriana ta zagaya bayan gidan da gudu-gudu, sai ta ci burki. Mijinta ne zaune a kan dakali, ba riga a jikinsa, Loredana ta durƙusa a gabansa ta riƙe hannunsa da hannu biyu, tana hura masa iska a damtse.

Akwai hayaƙi a wajen, akwai kwandunan tumatir, akwai mata a bakin injin markaɗe. Doriana ba ta ga ko ɗaya ba. Idonta ya rufe.

"Sakar min miji, maciya amana!"

Ta hankaɗe Loredana ta faɗi zaune. Ta waiga neman abin duka, ta cusa hannu cikin wata ƙatuwar tukunyar markaɗe da aka sauke tana hucewa, ta figo ludayi ta ɗaga sama. Cosimo, wan Loredana, ya yi tsalle ya riƙe mata hannu. Ludayin ya koma cikin tukunya, jan ruwa na bin hannunta har gwiwa.

"Dori! Kin haukace ne?" in ji Saverio.

Sai a lokacin ta ga damtsensa. Fatar ta saluɓe, ƙuna ce ɗanya, ga tsumma da ruwan sanyi a ƙasa inda Loredana ta yar.

Wata tsohuwa cikin baƙaƙen kaya ta taso daga bakin injin tana dogara sanda. Nonna Carmela ce, kakar su Loredana. Ba ta kalli jikarta da ke ƙasa ba, tukunyar ta kalla, sannan ta kalli hannun Doriana.

"Yarinya, tambaya ɗaya zan yi miki. Ya zo miki ko bai zo ba?"

Da Doriana ta iya ƙarya da ta yi. Ta sunkuyar da kai.

"Wayyo Maryamu Uwar Yesu!" Tsohuwa ta ɗora hannu a ka. "Cosimo, zubar da ita. Duka!"

"Nonna, aikin safiya guda ne fa…"

"Na ce zubar!"

Suka kama tukunyar su biyu suka kifar a gindin zaitun. Cosimo ya dawo yana huci, ya nuna Saverio da yatsa.

"Maganar Asabar ta tashi. Ka nemi wani ya riƙe wa uwarka wuta."

"Wace magana?" in ji Doriana, murya can ƙasa.

Loredana ta miƙe tana kakkaɓe siket. "Ba ki sani ba? Ai kin san ba a ɗaukar ɗan ƙwadago ranar tumatir, abin kunya ne. Wanda ya riƙe maka wuta, kai ma sai ka riƙe masa. Mijinki ya zo ya roƙi Cosimo, ya ce zai yi mana wutar kwana biyu, shi kuma Cosimo ya yi wa Mamma Filomena ta Asabar, don ku samu ku tafi. Hutun aiki ya ɗauka. Ɗazu duro ya goce ya ƙona shi."

Doriana ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta juya ga mijinta. "Me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Da na ambaci sunan gidan nan, za ki bar ni in zo?" Ya ɗauki rigarsa da hannu ɗaya, bai ko dube ta ba. "Je ki gida."

Daga ranar magana ta ƙare a tsakaninsu. Ba zagi, ba faɗa, sai "sannu" da "to". In ta zo gyara masa bandeji sai ya ce ya iya da kansa. Wannan shirun ya fi mata mari ciwo. Da can tsoronta kada wata ta ƙwace mata shi. Yanzu ta ga da hannunta take tura shi waje.

Ranar Alhamis ta tattara sauran ƙarfin halinta ta koma gidan gonar. Ta tsaya nesa da kwalabe, ta ba Nonna Carmela haƙuri tana hawaye. Tsohuwa ta ƙare mata kallo ta ce, "Ko banza ba ki yi min ƙarya ba. Da kin yi, da shekara guda muna cin tsami. Je ki, Allah ya shirye ki." Cosimo kuwa ya ce ya riga ya ba wani Asabar ɗinsa, ya juya mata ƙeya.

Loredana ta rako ta har mota.

"Ki yafe min," in ji Doriana. "Na zage ki a gaban danginki."

"Kin zage ni kam, kuma kin iya hankaɗa." Ta ɗan yi dariya, sannan ta gimtse. "Bari in gaya miki, ko za ki samu barci. Kwana biyun nan ya cika mana kunne — Dori ta ce gada, Dori ta ce agogo, Dori za ta sa min riga uku. Ni fa shekarun da muka yi tare, ko bakin teku bai taɓa tsallake Lahadin uwarsa ya kai ni ba. Da ya yi min rabin abin da ya yi miki, da ban tafi Milano ba. In akwai mai kishi a nan, ba ke ya kamata ba."

Juma'a da yamma Doriana ta zazzage 'yar jakarta, ta mayar da takalma ma'ajiyarsu. Saverio yana tsaye a bakin ƙofa yana kallonta.

"Gobe tare za mu gidan Mamma," in ji ta.

"Kin san inda za a zaunar da ke."

"Na sani."

"Ba dole ba ne. Zan ce ba ki da lafiya."

"Kai ka ƙone saboda ni. Ni ma zan iya zama a kujera saboda kai."

Sai ya miƙo mata hannun ta naɗe masa bandeji.

Asabar da sassafe tsakar gidan Mamma ya cika da 'yan uwa da kwanduna. Labarin abin da ya faru ya riga ya zaga gari, kowa sai satar kallonta yake. Mamma na tsaye a bakin ƙofa kamar kullum. Kafin ta buɗe baki, Doriana ta gaishe ta, ta wuce kai tsaye gindin ɓaure, ta zauna a kujerar da kanta.

"Kujerar ta san mai ita," in ji Tiziana, yadda kowa zai ji.

Doriana ta zauna tana kallon mijinta yana fama da itace da hannu ɗaya, hayaƙi na shigar masa ido. Loredana ta zo taya aiki, amma da aka miƙa mata ɗaɗɗoya sai ta ce a ba wata, ita wanke kwalabe za ta yi.

Hantsi na ɗagawa sai ga ƙarar jirgi. Filin jirgin Bari ba shi da nisa da mu, in sun tashi ta saman rufinmu suke bi. Doriana ta ɗaga kai. Ba sai ta duba agogo ba, ta san nasu ne. Ta bi shi da ido har ya zama ɗan ɗigo, hawaye suka ɓalle mata, ba ta ko share ba. Can wajen duro, Saverio ma sama yake kallo.

Wata kuma ta ga hawayen. Mamma ta goge hannu, ta zubo kofi a ɗan kofi, ta jawo kwandon da ba komai ta kife a gefen kujerar ta zauna.

"Sha."

"Na gode, Mamma. Ki yi haƙuri da abin kunyar da na jawo muku."

"Kin jawo kam. Har a coci an tare ni da maganar." Ta murza yatsu. "Na zaci ba za ki zo ba. Na shirya abin da zan faɗa a kanki tsaf, sai ga ki kin ɓata min shiri."

Doriana ba ta san ko dariya za ta yi ba.

"Kin ga ƙafar kujerar nan da aka ɗaure da waya? Ni na karya ta. Shekara biyar ina gidan nan kafin in samu Saverio. Uwar mijina nan take zaunar da ni, dangi na wucewa suna min sannu kamar mai zaman makoki. Wata shekara na tashi na yi jifa da ita. Na rantse a raina ba zan taɓa yi wa 'yar wani haka ba." Ta girgiza kai. "Sai ga shi bakina ya koyi tambayar, ban ma san yaushe ba."

"Mamma…"

"Tsaya, ban gama ba. Manomin nan zaɓi ya ba ni, Asabar ko Litinin."

Doriana ta ɗago ta zuba mata ido.

"Eh, kalle ni da kyau. Ni na zaɓi Asabar. Tun da ubansa ya rasu, Lahadin nan ita ce kaɗai abin da ya rage min. Na ce in kika ɗauke shi sau ɗaya, gobe ma za ki ɗauke, jibi in zauna ni da tebur. Ke kina kishi da 'yar mutane da ba ruwanta, ni ina kishi da ke, yaro ya ƙone a tsakaninmu. Jiya na ga hannun nan, ban runtsa ba."

Muryar tsohuwa ta karye. Doriana ta ajiye kofi ta rungume ta, suka yi ta kuka su biyu, aiki ya tsaya cak kowa ya saki baki.

Mamma ce ta fara farfaɗowa. Ta ja hanci, ta miƙe.

"Tashi."

Doriana ta tashi. Mamma ta sunkuci kujerar, ta ratsa tsakar gida da ita, ta dire a gaban ɗanta.

"Wutarka ta yi ƙasa. Ƙara wannan."

"Mamma, kujerar Kaka ce fa!" in ji Tiziana.

"Ke kuma rufe min baki! Rabin zance da kika kai kemis, kin zaci ban ji ba? Ki wuce ki ba matar yayanki haƙuri, sannan ki kwashe ɓawon tumatir ɗin nan duka ke kaɗai."

Saverio ya kalli uwarsa, ya kalli matarsa. Ya sa ƙafa ya taka kujerar, ta ɓalle ƙaras, ya tura ta ƙarƙashin duro guntu-guntu. Tsohon katako ne, nan da nan ya kama. Ya ɗago yana murmushi, murmushin farko tun ranar Laraba.

"Daga yau ba a ƙara tambayar kowa a bakin ƙofa," in ji Mamma da ƙarfi. "Mai uzuri ta raɗa min a kunne." Doriana ta matso za ta ɗauki mazurari, tsohuwa ta daka tsalle. "A'a, a'a! Kada ki taɓa min kwalba! Na ƙona kujera, ban ce na haukace ba!"

Gida ya kaure da dariya.

"To me zan yi, Mamma?"

"Mutanen nan iska za su ci? Shiga kicin ki ɗora mana taliya." Ta rage murya yadda su biyu kaɗai za su ji. "Gishiri yana bayan gwangwanin kofi."

Tikitin farko dai ya bi iska, ba wanda ya dawo musu da shi. Sai cikin Oktoba suka sake yankar wani, kuma Mamma da kanta ta zaɓar musu makon. Sun ga agogo, sun hau tudu, Saverio ya sa rigunansa uku bai mutu ba. Lahadi da azahar suna tsakiyar gada wayarsa ta yi ƙara. Doriana ta ga sunan, ta karɓe wayar ta amsa da kanta.

"Kun ci abinci?" in ji Mamma. "Me ma suke ci a can, bayin Allah?"

Haihuwa kuwa tana hannun Mai bayarwa, har yanzu suna jira, amma yanzu su uku suke jiran, ba mai yi wa wani gori.

'Yan mata da samari, ku ɗauki abin ɗauka. Kishi ba ya nuna maka abin da ke gabanka, abin da kake tsoro yake nuna maka. In zuciya ta taso, ka tambaya kafin ka ɗaga hannu. Kai kuma miji, alherin da za ka yi wa matarka kada ka lulluɓe shi da ƙarya. Doriana ta yi gaggawar minti ɗaya ta rasa tafiyar da ta daɗe tana mafarki. Ta yi haƙurin safiya ɗaya a kan kujerar da ta fi tsana, ta tashi da miji, da uwa, da kicin.